Ni da ginshiƙin Jarash

Duk wanda ya ga bidiyon nan na faɗuwata a guruf, don Allah ya ji ta bakina kafin ya ci gaba da dariya.

Ranar Asabar mu biyar muka tashi daga Irbid sai Jarash, tsohon garin Rumawan nan da ke arewa da Amman a ƙasar Jodan. Muka wuce ƙofar da aka gina don tarbar Sarki Hadiriyan wajen shekara ta 130, muka bi titin dutsen da har yau sawun keken doki yake kwance a kansa, muka hau matakala zuwa haikalin Artimis. Tun a mota nake cika baki, wai ni da na hau Dala ina ɗan shekara bakwai, wane dutse ne zai ba ni tsoro.

Ginshiƙai goma sha ɗaya ne a tsaye a gaban haikalin, kowanne ya kai wajen mita 13, in ka ɗaga kai sai ka dafe hula. Mai yi mana jagora, wani dattijo mai gashin baki, ya zaro cokali daga aljihu ya cusa a wata 'yar kafa da ke gindin ɗaya daga ciki. Sai ga cokali yana lilo, sama, ƙasa, ba mai taɓa shi. Ya ce ginshiƙin ne ke motsi, duwatsun ɗora su aka yi ɗaya kan ɗaya. Sannan ya ce wa zai sa yatsa? Kowa ya yi tsit. Ɗan Zariya, ɗaya daga cikinmu, ya ce, "Ai ga mai hawan Dala nan."

Na tattare babbar riga, na durƙusa, na yi bisimilla a zuci, na tura yatsa. Da farko sanyi kawai na ji. Har na juyo zan yi wa jama'a murmushi, sai dutsen ya matse ni. A hankali fa, kamar jariri ya kama maka yatsa. Amma na ɗaga kai, gajimare na tafiya, sai na ga ginshiƙin gaba ɗaya ya taho kaina. Ban yi salati ba, jama'a. Ban ce innalillahi ba. "Wayyo Inna!" na ce, da gemuna da komai. Na fizge hannu, na zabura, ƙafa ta harɗe da riga, na sauka matakala uku da mazaunai. Takalmi ɗaya ya tsaya a sama, hula ta gangara ta riga ni isa ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ce ta tsinto ta, ta kaɗe ƙurar, ta miƙo min da hannu biyu tana tambaya ko in sha ruwa. Dattijon nan ko dariya bai yi ba. Cewa ya yi, "Ya ɗan'uwa, girgizar ƙasar 749 ta rushe garin nan, wannan bai faɗi ba. Kai yake jira?"

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Ɗan Zariya ne ya tsaya min a wuya. A bakin ƙofar Hadiriyan na roƙe shi ya ɗauke ni hoto ɗaya, ya ce wayarsa saura kashi biyu. Kashi biyun nan ne ya ɗauki bidiyon minti ɗaya da rabi, har da matso da fuskata. Mutumin da tun zuwanmu ƙasar nan bai taɓa biyan kuɗin shayi ba, kullum sai an miƙe zai fara laluben aljihu. Cajata ma tana ɗakinsa wata na uku ke nan, wataƙila da ita ya yi cajin.

Takalmin dai ya tsinke, da ɗaurin leda na koma Irbid. Kuma har yanzu mutum biyu ba su ba ni kuɗin mota ba, sun san kansu.