Kukan da muke yi da Turanci, wasu da Hausa suke yin sa

Tun da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, ta mayar da Turanci shi kaɗai ne harshen koyarwa, Hausawa da yawa suka yi ta rubutu cikin ɓacin rai. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Tsarin da ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar a 2022, wanda ya ce a koyar da yaro da harshensa har ya gama firamare, ba a ba shi littattafai ba, ba a horar masa da malamai ba, sannan aka dawo aka ɗora masa laifin faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Wannan ba adalci ba ne. Sai dai a duk abin da na karanta, da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambaya: idan an ce harshen uwa a Arewa, uwar wa ake nufi? Mu dai da mun ji kalmar, Hausa ce ke zuwa mana a rai. Yaron Kaltungo fa? Yarinyar Zangon Kataf, ko ta Biu, ko ta Numan?

Masana harshe sun lissafa harsuna fiye da 500 a Najeriya, kuma babban kaso daga cikinsu a Arewa suke. Jihohin Bauchi, Filato, Adamawa, Taraba da Kaduna kowacce tana da harsuna gommai. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 55 ya ambaci Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci kawai a matsayin harsunan da za a iya aiki da su a majalisar tarayya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuwa cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwarsa ko kuma harshen da jama'ar yankin ke amfani da shi. Wannan "ko kuma" ɗin shi ne ƙofar da aka bi. A mafi yawan garuruwan Arewa harshen kasuwa da tasha Hausa ce, don haka malami ya huta: yana shiga aji ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, yaron da a gidansu Tangale ko Bura ake yi kuma ya koyi cewa harshen kakarsa ba ya shiga makaranta.

Ba ina cewa Hausawa sun zauna sun ƙulla wa kowa makirci ba ne. Hausa ta bazu ne ta hanyar fatauci da auratayya da karatun allo, sannan Turawan mulkin mallaka suka ɗauke ta harshen aiki a En'e da bariki, 'yan mishan kuma suka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da ita a 1932, har ta zama harshen wa'azi da waƙa a majami'u da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa. Yau ga finafinan Kano da rediyo da waya. Ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Amma rashin mugun nufi ba ya hana ɓarna aukuwa. A ƙasar Jigawa an yi Auyakanci da Teshenanci, a ƙasar Bauchi an yi Shiranci da harshen Ajawa, duk sun mutu, jikokin masu su Hausa suke yi. Da suka tafi, sun tafi da tatsuniyoyinsu da waƙoƙin niƙa da na daɓe da sunayen itatuwa da magunguna, kuma babu kaset ko littafin da za a je a ɗauko.

Na taɓa zama a wani gida a wani ƙauye kudu da Bauchi. Da daddare tsohuwar gidan ta tara jikoki tana ba su tatsuniya da harshensu. Akwai wurin da mai tatsuniya ke rera waƙa, yara su amsa. Ta rera, aka yi shiru. Ta sake rerawa, sai babbar cikinsu, wadda ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta ce da Hausa, "Kaka, ki faɗa da Hausa mana." Tsohuwar ta ƙarasa labarin da Hausa, amma waƙar ta tsallake ta, don ba ta fassaruwa. Da safe na tambayi uban yaran, sai ya ba ni amsar da na sha ji a bakin mutane da yawa: "Suna ji, amma ba sa iya mayarwa." Wanda yake ji ba ya mayarwa, 'ya'yansa ko jin ba za su yi ba. Masu nazarin mutuwar harsuna sun daɗe suna faɗin cewa zuriya uku ta isa a gama, kuma abin da na gani a gidan nan ke nan yana faruwa a tsakar gida ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne adabi, domin a nan ne muke da alhaki kai tsaye. Mu tuna yadda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya samu. Ba daga sama ya faɗo ba. Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ne ya shirya gasa a 1933, aka buga littattafan da suka yi nasara, aka kai su makarantu. Daga nan aka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950. Wato hukuma ce ta zuba kuɗi da ma'aikata da injin buga littafi har rubutun Hausa ya tsaya da ƙafafunsa. Cikin marubutan farkon nan akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar, wanda mahaifinsa Bageri ne. Tun daga tushe, adabin Hausa ya ci gumin 'ya'yan wasu ƙabilu, kuma har gobe yana ci: je ka duba asalin mawaƙa da 'yan fim da marubutan da muke alfahari da su.

A wancan zamanin ma Akiga Sai ya rubuta tarihin mutanensa Tibi da harshen Tibi, East ɗin nan dai shi ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1939. Bature a Landan ya karanta Akiga tun kafin a ba mu mulkin kai, amma ɗalibin Hausa a Kano ko Sakkwato zai iya gama digiri bai taɓa jin sunansa ba. Zaynab Alkali daga kudancin Borno da Helon Habila daga Kaltungo, wanda ya ci kyautar adabi ta Caine a 2001, da Turanci suka yi rubutu, kuma ban ga laifinsu ba. Marubuci yana son a karanta shi. Idan harshenka ba shi da mai bugawa, ba shi da jarida, ba a koyar da karanta shi a ko'ina, wa za ka rubuta wa?

Za a ce mini harsunan sun yi yawa, gwamnati ba za ta iya buga littattafai da harshe ɗari biyar ba. Gaskiya ne ba za a yi su rana ɗaya ba, amma an gwada an ga yana yiwuwa. A tsohuwar jihar Ribas, daga 1970, Kay Williamson da E. J. Alagoa sun jagoranci aikin da ya samar da littattafan koyon karatu na firamare da harsuna kimanin ashirin, da kuɗi kaɗan da taimakon kwamitocin mutanen gari. A shekarar ce kuma Babs Fafunwa ya fara gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kuma ba su koma baya a Turanci ba. A nan gida, Russell Schuh, wanda Hausawa suka sani da Malam Takalmi, tare da Alhaji Maina Gimba da masu harsunan kansu, sun fitar da ƙamus na Bade da Ngizim da Karekare da Bole da Ngamo, da ƙananan littattafan tatsuniyoyi da karin magana, aka buga su a Potiskum. Matasan Atyap kuma sun buɗe Wikipedia da harshen Tyap a 2022 ba tare da sun jira ma'aikatar ilimi ba. Aikin yana nan, masu yi suna nan. Abin da babu shi ne hanyar da zai bi ya shiga aji.

Akwai kuma masu tsoron cewa raya harsunan ƙananan ƙabilu zai ƙara raba kan Arewa. Na fahimci tsoron, don mun ga jini a Zangon Kataf da Tafawa Ɓalewa da Jos. Amma ni a ganina akasin haka ne. Ƙorafin danniya ya girmi yawancinmu. Shi ya sa Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu. Rufe ido bai kashe ƙorafin ba. Yaron da ya tashi yana ganin makaranta ta san Bayajidda da Sarauniya Amina da Shehu Ɗanfodiyo, amma ba ta san ko mutum ɗaya daga kakanninsa ba, zai girma da wani abu a ƙirji, kuma ɗan siyasa ya san yadda ake amfani da wannan abin. Shi ma yaron Bahaushe an cuce shi, domin zai zauna aji ɗaya da Bajju ko Sayawa shekara shida, ya fita bai san gaisuwarsu ba, bai san suna da waƙa da tarihi da hikima ba. Abin da ba ka sani ba, raina shi ba wuya.

'Yan'uwanmu na Nijar ma wannan jarrabawar ce a gabansu. A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin soja suka zartar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna, kuma abin murna ne. Amma Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani suna kallon yadda za a riƙe wannan girma, ko za a ja su a jiki ko za a maye gurbin Faransanci da wani sabon ubangida.

Ba sai mun jira Abuja ba. Sassan nazarin harsunan Najeriya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri da Jos suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu kuma ba Hausawa ba ne. Maimakon a sake wani kundin a kan littafin da an riga an yi masa nazari sau ba adadi, a bar ɗalibi ya koma garinsu da waya ya naɗi tsofaffi, ya rubuta da harshensu, ya ajiye fassarar Hausa a gefe, a ba shi makinsa cikakke. Marubutanmu da masu buga littattafai su fitar da irin waɗannan da harshe biyu, shafi na kallon shafi. Gidajen rediyon jihohi su ƙara wa harsunan nan lokaci fiye da 'yan mintunan labarai, a ji waƙa da tatsuniya da wasan kwaikwayo. Malamin Hausa a sakandaren Gombe ko Kafanchan kuwa, ko manhaja ba ta ce ba, yana iya ware darasi ɗaya a zango ya ce kowane ɗalibi ya tambayo iyayensa karin magana ɗaya da harshensu, ya rubuta a allo, ya bayyana wa 'yan ajin ma'anarta, su kuma su nemo wadda ta yi daidai da ita a Hausa.