Kura da shan bugu: matan da ke bayan muryoyin katun

Kwanakin baya ina zaune da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara tara, yana kallon Dragon Ball a waya da ainihin muryoyin Japananci. Goku ya dage ya kurma ihun nan nasa mai tsaga kunne, yaron ya miƙe tsaye yana kwaikwaya har jijiyar wuyansa ta fito. Na ce masa, "Ka san tsohuwa ce ke yin wannan ihun?" Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai Kawu, ka cika zolaya." Sai da na nemo masa hoton Masako Nozawa. An haife ta a 1936, ta fara yin muryar Goku a 1986 tana dab da cika shekara hamsin, kuma ita ce dai muryar 'ya'yansa Gohan da Goten. Yaron ya daɗe yana kallon hoton, can ya ce, "To me ya sa ba a nuna ta?"

Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranar, tambayar kuma ta ƙi barina.

Nozawa ba ita kaɗai ba ce. Luffy na One Piece, Mayumi Tanaka ce tun 1999. Naruto mace ce ke masa magana a Japananci, Junko Takeuchi, mace kuma a Turanci, Maile Flanagan. Bart Simpson, ɗan ƙiriniyar da ya ƙi girma, Nancy Cartwright ce tun 1987. Dalilin a bayyane yake. Yaro na gaske zai balaga, muryarsa ta fashe cikin shekara biyu ko uku, ga makaranta, ga dokokin da suka taƙaita awannin aikin yara, shi kuwa yaron zane yana nan a shekara goma har abada. Babbar mace za ta riƙe muryar nan shekara talatin ba ta motsa ba. Ke nan wani babban ɓangare na wannan masana'anta mai juya biliyoyin daloli a kan maƙogwaron mata yake tsaye, matan da yawancin masu kallo ba za su gane su ba ko a hanya suka yi kiciɓis.

Masu ganin aikin nan wasa ne su leƙa ɗakin ɗaukar murya. A Japan, inda ake kiran masu sana'ar seiyu, al'adar ita ce a tara 'yan wasa a ɗaki guda, makirufo uku ko huɗu a jere, allo a gaba. Kowa na riƙe da takardarsa a hannu ɗaya. In layinki ya zo ki matso ki faɗa, ki ja da baya ki ba wani wuri, ba ƙarar takalmi, ba motsin takarda, domin makirufon na jin komai. Sau da yawa zanen ma bai kammala ba, layuka ne na fensir da alamar lokacin buɗe baki, a haka za ki yi kukan mutuwar uwa. A Amurka galibi murya ake fara ɗauka, masu zane su bi sawunta, ma'ana yadda fuskar gwarzon ke yamutsewa daga numfashin 'yar wasan aka samo shi. Mai juya fim zuwa wani harshe kuwa nata ya fi ƙunci: dole jimlarta ta fara inda leɓe ya buɗe, ta ƙare inda ya rufe, alhali don wani harshe aka zana bakin.

Wasannin bidiyo sun fi duka cin rai. Ita kaɗai ce a akwatin gilashi, awa huɗu, da ɗaruruwan layuka a jere ba labari ba mahalli. Sai a zo kan ihu. Yi na wadda aka harba. Yi na wadda ta faɗo daga bene. Yanzu na wadda wuta ta kama, gajere, matsakaici, dogo. Daraktoci masu tausayi kan ajiye wannan zuwa ƙarshen zama, don sun san bayan shi sai dai raɗa. Wadda muryarta ta dishe a yau ba ta da abin sayarwa gobe, kuma ba albashi take ɗauka ba balle ta ce tana hutun jinya.

To nawa ake ba su? Tarihin bai da daɗin ji. Adriana Caselotti, wadda ta yi muryar Snow White a fim ɗin Disney na 1937, dala 970 aka biya ta, sunanta ma bai fito a allo ba. Fim ɗin kuwa har yau ana sayar da shi. A Japan akwai tsarin matakai, sabuwar shiga tana karɓar yen 15,000 a kan kashi ɗaya na minti talatin, ko ita ce jaruma ko kalma biyu ta furta, daga ciki kuma kamfanin da ke wakiltarta ya cire nasa kason. Shi ya sa da yawansu ke haɗawa da wani aikin, ko su koma waƙa da tarukan masoya, inda ake auna su da fuska da shekaru, abin da aikin murya ya kamata ya raba su da shi. Wani zai ce ai 'yan wasan The Simpsons sun kai dala 400,000 a kan kashi ɗaya a 2008. Haka ne, amma su shida ne. Wanda ya auna sana'ar da su ya yi wa rogo kallon kitse.

Ga kuma sauƙin sallama. Veronica Taylor ta yi shekara takwas tana muryar Ash na Pokémon a Turanci, a 2006 aikin fassarar ya koma hannun wani kamfani, aka sauya 'yan wasan, shi ke nan. Gwarzon na kamfani ne, ita baƙuwa ce a jikinsa.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba zan ce ta banza ce ba. Wasan bidiyo babba yakan ci shekara huɗu ko biyar, da ɗaruruwan masu zane da masu rubuta manhaja, wasu suna kwana a ofis in lokacin fitarwa ya matso, ba kuma wanda ke ba su kaso daga ciniki. Don me za a ware wadda ta zo ta yi kwana biyar? Da wannan aka tare SAG-AFTRA, ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Amurka, a yajin aikin da ta fara a Oktoban 2016, wanda ya shafe kusan shekara guda. Ƙungiyar ta nemi a riƙa ƙara wa 'yan wasa kuɗi in wasa ya yi kasuwa, ba ta samu ba, aka tashi da ɗan ƙari gwargwadon yawan zaman da mutum ya yi. Ni a ganina hujjar kamfanonin tana nuna cewa masu zanen ma ana cutarsu ne. Don an danne Audu ba ya zama dalilin danne Ladi. Akwai kuma bambanci guda: mai rubuta manhaja yana da albashin wata da inshorar lafiya, ita kuwa 'yar jinga ce, kuma abin da ta bari a wasan wani yanki ne na jikinta da kowa zai ji ya ce wance ce.

Ba kuma kullum 'yar wasa ce mai gaskiya ɗari bisa ɗari ba. A 2022 Hellena Taylor, muryar farko ta jarumar wasan bidiyon Bayonetta, ta fito ta ce dala 4,000 kacal aka yi mata tayi a kan wasa na uku, ta nemi a ƙaurace masa. Intanet ta kama da wuta. Daga baya rahotanni suka nuna tayin farko ya fi haka, ita ma ta amsa cewa tayin da aka yi mata ya kai dala 15,000. Kafin gaskiya ta fito, masoya sun riga sun yi wa Jennifer Hale, wadda ta karɓi aikin, ruwan zagi, matar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda rigimar ta yiwu tun farko: ana ɗaure kowa da yarjejeniyar rufe baki, ba wadda ta san abin da aka biya 'yar'uwarta, sai ƙarya da rabin gaskiya su samu filin rawa.

Duk wannan tsohon ciwo ne. Sabon shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI. A da in kamfani ya sallami 'yar wasa, dole ya nemo wata mace mai rai ya biya ta. Yanzu sautin da ta bari a rumbunsu ya isa a horar da na'ura ta riƙa magana da muryarta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Bev Standing, 'yar Kanada, ta yi wani aikin ɗaukar murya don manhajar fassara, kwatsam sai ta ji kanta a TikTok tana karanta duk abin da mutane suka rubuta, har da batsa. Ta kai ƙara a 2021, aka sasanta a wajen kotu. A Yulin 2024 SAG-AFTRA ta sake shiga yajin aiki da manyan kamfanonin wasannin bidiyo, wannan karon AI ce kan gaba a rigimar, aka kai Yunin 2025 kafin a janye. Yarjejeniyar da aka cimma ta wajabta a sanar da ɗan wasa a kuma nemi yardarsa kafin a yi amfani da kwafin muryarsa. A Japan ma a 2024 wasu fitattun seiyu sun haɗa kai suka yi gangamin adawa da kwaikwayon muryoyinsu ba izini.

Ba na cikin masu cewa a farfasa na'urar. Hatsune Miku, mawaƙiyar kwamfuta da ta fito a 2007, daga muryar Saki Fujita aka gina ta, da saninta, da sunanta a fili, kuma ba wanda ya ce an yi sata. Abin da nake cewa bai wuce abin da kowane mai kaya ke nema ba: a tambaye ta, a faɗa mata inda za a kai muryar da tsawon lokacin, a biya ta duk sanda aka sake amfani da ita, kuma ta iya cewa a'a ba tare da an daina kiranta aiki ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Yarda a takarda ba ta da wani nauyi in mai sa hannun ta san akwai mutum ɗari a bayanta suna jiran ta yi gardama. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar maganar a hannun kwantiragi kaɗai ba, sai doka ta shigo, domin yarjejeniyar ƙungiya tana kare 'ya'yanta ne kawai, alhali aikin juya anime, wato katun na Japan, da ƙananan wasanni da yawa a wajen ƙungiya ake yin sa.

Nozawa kanta ta shiga harkar. A 2024 kamfanin da ke wakiltarta, Aoni Production, ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin AI don a yi amfani da muryarta a harsuna daban-daban, a irin manhajojin da ke amsa tambaya da ba da sanarwa, bisa sharaɗin ba za a sa ta a wasan kwaikwayo ko anime ba. Ta isa ta gindaya sharaɗi, ai ita ce Goku. Yarinyar da ke tsaye a bayan makirufo na huɗu tana jiran layinta ɗaya tilo na yen 15,000, ita takardar a cike za a miƙo mata, a nuna mata wurin sa hannu.