A bar kifin bas ya zuba ƙwansa mana

Duk ƙarshen shekara Birtaniya da Tarayyar Turai suna zama su tsara yadda za a kama kifi a shekara mai zuwa, kuma da zarar lokacin ya matso sai ka fara jin kukan masu manyan jirage, wai a sassauta musu doka kan kifin bas, ai ya dawo, teku ta cika maƙil. Ni kam ban yarda ba wallahi, kuma ina ganin duk mai cin kifi ya kamata ya san abin da ya faru da kifin nan kafin ya ce ba ruwansa.

Ga wanda bai san shi ba, bas kifin teku ne mai ƙyalli kamar azurfa, da ƙayoyi masu kaifi a gadon baya, tsokarsa fara tas, shi ya sa yake da tsada a gidajen abinci na Landan da Faris. Matsalarsa ɗaya, baya saurin girma. Macen sai ta kai shekara 5 zuwa 8, tsawonta ya kai wajen santimita 42 kafin ta fara ƙwai, kuma in an ƙyale shi yana iya wuce shekara 20 a raye. Ƙananan suna tasowa ne a bakin koguna inda suke shiga teku, manyan kuma idan sanyi ya kama sai su bar gaɓa su nausa cikin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da kudancin Ailan, su taru jingim wuri ɗaya don su zuba ƙwai, daga wajen Fabrairu har zuwa bazara.

To wannan taruwar ita ce ta ja masa bala'i. Jirage biyu za su jera, kowanne ya riƙe gefe ɗaya na wani makeken taru, su ja shi a tsakiyar ruwa daidai inda kifin ya taru, na'ura tana nuna musu garken a kan allo tun kafin su jefa, ba wani sa'a ko ƙwarewa a ciki, kwasa ce kawai. Yawancinsu jiragen Faransa ne. Kifin da suke fitarwa kuwa mata ne cikinsu ya kumbura da ƙwai, in ka ɗan matsa cikin da yatsa ƙwan ke zubowa, an danne su a ƙasan taru sun daddauje, a kai kasuwa tan-tan farashi ya faɗi. Manomin da ya daka irin da ya ajiye ya tuƙa tuwo da shi, me zai shuka idan ruwa ya sauka? Kuma ba kifin kaɗai ba, dolfin ma suna faɗawa cikin tarun su mutu, igiyar ruwa ta watso gawarsu gaɓar Cornwall da Devon a kudu maso yammacin Ingila. Birtaniya ta hana irin wannan jan a cikin mil 12 daga gaɓar kudu maso yammacinta tun 2004, amma jiragenta kawai dokar ta hau, don haka aka cigaba da gashi.

Abin da ya fi bani takaici, shekara da shekaru babu wata iyaka da aka sa kan yawan bas ɗin da za a kama, ƙasashen sun kasa daidaitawa kan rabo, kowa na jiran wani ya fara ragewa. Sai ga sanyi mai tsanani ya zo a jere daga wajen 2008, ƙananan kifi ba su rayu da yawa ba, manya kuma ana ta kwasarsu. A 2014 masanan hukumar binciken teku ta ICES suka ce a rage kamun da kashi 80 cikin ɗari. Kashi 80 fa! Sai a Janairun 2015 Tarayyar Turai ta farka ta hana jan tarun tsakiyar ruwa har ƙarshen Afrilu, aka ce mai fatsa don nishaɗi kada ya wuce kifi 3 a rana, sannan aka ɗaga mafi ƙarancin tsawo daga santimita 36 zuwa 42. Ku duba fa, kenan duk shekarun baya doka da kanta ta halasta kama macen da ko sau ɗaya bata taɓa yin ƙwai ba. Duk da haka abin bai tsaya ba, har masanan suka bada shawarar kada a kama ko ɗaya a 2017.

Ailan kuwa tun 1990 ta hana jiragenta kama bas don sayarwa, ta ga abin tun da wuri.

Ni ina fita fatsa a bakin teku a ƙarshen mako, kuma akwai ma'auni a jakata, in kifi bai kai 42 ba na cire ƙugiya a hankali da jiƙaƙƙen hannu na maida shi ruwa, shikenan. A 2018 kusan shekarar gaba ɗaya ba a bari mu tafi gida da ko ɗaya ba, a 2020 aka maida shi biyu a rana. Ban ji haushi ba, don an ƙiyasta masu fatsar nishaɗi suna ɗauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kifin, mu ma da hannunmu a ciki. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a matse mai ƙugiya ɗaya a bar ƙofa buɗe ga mai raga. Don yanzu a takarda an hana jiragen taru da masu kafa raga neman bas da gangan, amma an basu damar sayar da wani kaso in wai ya faɗo musu bisa kuskure. Tsakani da Allah, mutumin da ya san teku kamar tafin hannunsa ya je ya kafa raga daidai inda bas ke bi da daddare, sannan ya ce kuskure ne? Kifin da ya wuce kason kuma a watsa shi ruwa a mace, ba wanda ya ƙirga.

Kada a ce ina gaba da masunta, ko kaɗan. Akwai masu ƙananan kwale-kwale a yankin Bretagne na Faransa da kuma Cornwall da suke kama shi ɗaya bayan ɗaya da ƙugiya, su maƙala masa ɗan tambari a kunne mai lamba, da lambar nan za ka gano jirgin da ya kamo shi. Na Bretagne ɗin da kansu suke ajiye aiki a lokacin ƙwai. Su ne suka fi dogara da kifin nan, su ne kuma suka fi shan wahala da ya ragu, alhali babban jirgi in bas ya ƙare juyawa kawai zai yi ya koma kan wani kifin.

Masu cewa ya dawo su dubi Amurka. Ɗan uwansa mai zane-zane a jiki ya kusa ƙarewa, jihar Maryland ta rufe kamunsa kwata-kwata a 1985, ya farfaɗo har aka ce ya warke a 1995, aka saki jiki, zuwa 2019 bincike ya sake nuna an wuce gona da iri. Kifin da ke ɗaukar shekara bakwai kafin ya haihu ba a yanke masa hukunci da shekara biyu masu kyau.

Don haka dokar da ta rufe kamun bas a Fabrairu da Maris kada a taɓa ta, in ma da hali a ƙara da Afrilu tunda kifin bai gama ƙwai ba a lokacin. Tarun jirage biyu kada ya dawo har abada. A sa kyamara a jiragen da ke cewa kuskure ne, in an samu ƙarin kaso a fara ba masu ƙugiya. Ƴan uwa da ke zaune a nan Turai kuma, yawancin ƙananan bas da kuke gani a manyan kantuna na kiwo ne daga Turkiyya da Girka, wannan daban. Amma in mai kifi ya ce maka na teku ne, dan Allah tambaye shi da me aka kama shi, in watan Fabrairu ne ko Maris kuma ka bar masa kayansa.