Girman jiki bai raba gardamar 'yan damben jiya da na yau ba

Da wuya a yi hirar damben boksin a majalisa a tashi ba a taɓo wannan gardama ba: da za a haɗa Muhammad Ali da Tyson Fury, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai sha ƙasa? Matasa sukan ce ai ba ma a haɗawa. Fury ya haura mita biyu a tsayi, nauyinsa kuma ya kusa kilo 120. Rocky Marciano, zakaran zamanin da, wanda ya yi karawa 49 ba a taɓa doke shi ba, ko kilo 90 bai kai ba, wato a ma'aunin yau ba za a ma sa shi a ajin masu nauyi ba. Ga kuma likitoci da masu tsara abinci da bidiyon abokin karawa, abubuwan da mutanen da ba su samu irinsu ba.

Na daɗe ina jin nauyin wannan hujja, har sai da Oleksandr Usyk ya zo ya kwance mata zani a kasuwa. Ɗan ƙasar Yukren ɗin tsayinsa ɗaya da na Ali, nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai, bai ɗara Alin da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974 da wani abin kirki ba. Amma shi ne ya doke ƙaton nan Anthony Joshua a Landan a 2021, ya maimaita a Jidda a 2022, sannan ya doke Fury sau biyu a Riyadh a 2024. Da me? Da zafin ƙafa, da kauce wa naushi, da numfashin da ba ya ƙarewa har turmin ƙarshe. Kayan aikin Ali ke nan. In har mai jikin Ali zai iya mallake ƙartin wannan zamani, to batun girma ya faɗi.

Inda nake ganin bambancin ya ke shi ne yawan shiga fili, da kuma wanda ake shiga da shi. Sugar Ray Robinson ya yi karawa kusan 200. Shi da Jake LaMotta kaɗai sau shida suka gwabza, biyu daga ciki a watan Fabrairun 1943, makonni uku tsakani: LaMotta ya ci ta farko, Robinson ya dawo ya rama. Joe Louis ya kare kambunsa sau 25. Ali ya kara da Joe Frazier sau uku, da Ken Norton sau uku, Norton har muƙamuƙi ya karya masa a 1973. Dick Tiger namu na Najeriya sau uku ya haɗu da Gene Fullmer, ta ƙarshen a Ibadan a 1963. Faɗuwa a wancan lokaci ba abin kunya ba ce. Ka sha kashi, ka koma ka gyara, ka dawo.

Yau babban ɗan dambe sau biyu yake fitowa a shekara, wani ma sau ɗaya. Kambu ya rarrabu tsakanin hukumomin dambe na WBA da WBC da IBF da WBO, azuzuwan nauyi da suke takwas sun ninka har da ƙari, don haka mutum na iya zama “zakaran duniya” bai taɓa haɗuwa da gwanin ajinsa ba. Floyd Mayweather da Manny Pacquiao sun shafe shekara biyar ana ja-in-ja, ba su haɗu ba sai 2015, lokacin da zafin kowannensu ya fara sauka. Mayweather gwani ne, ban musa ba, amma tarihinsa na nasara 50 babu faɗuwa ya koya wa na baya mugun darasi, cewa adana tarihin rashin faɗuwa ya fi neman gwani.

Sai dai kada a ɗauka ina kukan a koma gidan jiya. Wancan tsari ya ci mutane. Turmi 15 ake yi a damben kambu, sai da Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu ya mutu bayan karawarsa da Ray Mancini a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Robinson ya ƙare rayuwarsa da ciwon mantuwa. Ali kuwa duniya ta gan shi hannu na rawa yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Ɗan damben da ya ƙi shiga fili sau goma a shekara don ya tsira da ƙwaƙwalwarsa, ni dai ba zan kira shi rago ba. Abin da ba zan yarda ba shi ne a ce ya fi wanda ya shiga.

Shi ma Usyk ɗin da ake kafa hujja da shi a matsayin ɗan zamani, a duba inda ya fito. Karawarsa a matakin ƙwararru ba ta kai 30 ba, gaskiya ne. Amma kafin ya fara damben kuɗi ya yi karawa sama da 300 a matakin 'yan sha'awa, har ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Ranar da ya tsaya gaban Joshua, ya riga ya ga kalar naushi da salon tsayuwa fiye da yadda Joshua da Fury suka gani in an haɗa su biyun.