Injiniyan da bai san labarin Bakolori ba

Ƙanena yana aji uku a fannin injiniya. Da na tambaye shi darussan GST, wato Turanci da falsafa da al'adun Najeriya da aka wajabta wa kowane ɗalibi, sai ya ce, "Yaya, ai cike gurbi ne, lissafi shi ne karatu." Ban ga laifinsa ba. Ana cusa su ɗaruruwa a ɗaki guda, su haddace takarda daren jarrabawa, gari na wayewa an manta.

Na ce masa ko an taɓa ba su labarin madatsar ruwa ta Bakolori? Ya girgiza kai. Abin ya yi mini ciwo.

An kammala ta a 1978 a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Kankare bai gaza ba, har yau tana tsaye. Amma ruwa ya ci gonaki da gidaje, katafila ta baje filaye har iyakokin gonakin gado suka ɓace, diyya ta ƙi zuwa kan lokaci. Manoman fadama da ke can ƙasa, waɗanda ambaliyar damina ke jiƙa wa gona tun kaka da kakanni, suka ga ruwa ya ja baya. A Afrilun 1980 manoma suka tare hanyoyi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Mafi yawan alhakin yana wuyan hukuma, ban musa ba. Sai dai mai zana taswira ya kamata ya san cewa gona ba awo ba ce kawai. Akwai ta gado, akwai ta aro, akwai wadda ke jingina, kuma ga mutanen karkara bishiyar ɗorawa ko kabarin kakanni ya fi turken gwamnati ƙarfin shaida. Wannan ilimi yana wurin malaman tarihi, shari'a, zamantakewa da Hausa.

Za a ce shekara biyar ta injiniya ta riga ta cika maƙil. Gaskiya ne, shi ya sa ba ƙarin kaya nake nema ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, su mai da sa'o'in GST ɗin nan karatu na gaske: aji ƙarami, muhawara, rubutu. Kafin ɗalibi ya kammala, a tura shi ƙauye ya zauna gaban hakimi da manoma, ya bayyana musu zanensa da Hausa, ya saurari inda za su ce masa, "Yaro, nan ruwa ba ya bi."