Wai Wales ba ta taɓa yin sarkinta ba?

Mutane da yawa sun ɗauka tun fil'azal Wales a ƙarƙashin Ingila take, wai ba ta taɓa samun sarkin kanta ba. Gaskiya ba haka bane. Akwai Gruffudd ap Llywelyn, ya hau gadon Gwynedd, wata masarauta a arewacin Wales, a 1039, a shekarar ma ya lallasa dakarun Ingila a Rhyd-y-groes, daga nan yai ta faɗaɗa ƙasa, a 1055 ya ci kudancin Wales ya kuma cinna wa garin Hereford na Ingila wuta har da babban cocin garin, ba a jima ba duk Wales ta dawo hannunsa. Abin takaicin, da Harold Godwinson, wani babban basarake na Ingila, ya matsa wa Gruffudd lamba a 1063, mutanensa ne suka kashe shi, suka sare kansa suka aika wa Harold.