Masu yaƙi da inganta dunƙulen magi, me kuka tanadar wa yaron Gangare?

Tun da aka fito da maganar nan a 2024 cewa Najeriya ta amince da ƙa'idar ƙara sinadaran ayon (mai gina jini), zink, folik asid da bitamin B12 a cikin dunƙulen magi, wasu suka hana kansu barci. Yau taron 'yan jarida a Abuja, gobe doguwar takarda, jibi kuma saƙon murya a WhatsApp yana yawo a gurup-gurup ɗinmu na nan Jos, wai guba ake so a cusa wa talaka ta cikin miya, wai kansa ce za ta biyo baya, wai kowa ya koma daddawa. Wallahi abin nan yana ci mani tuwo a ƙwarya, domin masu wannan surutu ba 'ya'yansu ba ne ake kwantarwa a asibiti ana cigiyar mai ba da jini.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma kashi 58. Yaran da suka tsumbure kashi 37 ne a lokacin, a binciken 2023 zuwa 2024 abin ya kai 40. Ba sai ka karanta takarda ba ma, ka je asibitin sha-ka-tafi a Gangare ko Unguwar Rogo ranar awo, ka tsaya ka ga yadda malamar asibiti take jan fatar idon yaro ƙasa, ciki fari fat, tafin hannu shi ma haka, uwar tana rantsuwa cewa yana cin abinci, kuma gaskiya take faɗa, yana shan koko da safe, tuwon masara da dare, cikinsa a cike amma jikinsa bai samu abin da zai gina jini da ƙwaƙwalwa ba. Na san maleriya da tsutsar ciki suna da nasu kason a ciki, amma abincin ma ai babu komai a cikinsa sai ƙoshi.

To sai wani ya ce ai ga zogale, ga alayyahu, ga wake, ga ƙwai, ga hanta. Haba jama'a, wa ya ce babu? A Farin Gada kullum ana lodin karas da kabeji da koren wake a manyan motoci ana yin kudu da su, matar da mijinta ya bar mata kuɗin cefanen da bai isa mudun gari ba tana kallo, ba rashin sani ya hana ta saya ba. Shekara nawa ana yi wa iyaye mata lacca a kan abinci mai gina jiki? Sun haddace laccar. Abin da ba ya yankewa a tukunyarta komai tsanani shi ne gishiri da dunƙule, ko da ɗaya ne ta raba biyu, kuma binciken abinci na ƙasa na 2021 ya tabbatar kusan kowane gida a Najeriya yana amfani da shi. Idan kana son sinadari ya isa gidan da nama ba ya shiga sai da Sallah, ta wace ƙofa za ka bi in ba wannan ba?

Kuma fa ba yau aka fara ba. Duk wanda ya girma a Filato ya san yadda maƙoƙo yake a ƙauyuka a da, mata da ƙulli a wuya har ana ɗauka gado ne. A 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri, yanzu ka duba 'yan matan da ke tasowa ka ƙirga masu shi. A 2002 aka wajabta bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Folik asid kuwa, binciken da Birtaniya ta jagoranta a ƙasashe bakwai aka fitar a 1991 ya nuna yana rage haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen ƙashin baya da kusan kashi 70 a wajen matan da suka taɓa haifar irinsu, kuma abin lura, lakar jariri tana rufewa ne a cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba balle ta je awo a ba ta ƙwaya. Shi ya sa Amurka ta sa shi a garin fulawa tun 1998. Dole ya kasance a jikin mace tun kafin cikin.

Maganar gishiri da hawan jini da masu adawa suke ta jaddadawa, a tilasta wa kamfanoni su rage gishirin mana, hana ayon shiga ba zai sa kowa ya daina jefa dunƙule a miya ba. Ita kuwa kansa da ake tsorata mata da ita, in da gaske ake, a je a duba gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, gubar afalatoksin da ke cikinsu ita bincike ya tabbatar tana kawo kansar hanta, tare da cutar hanta nau'in B, kuma da wannan gyaɗar ake dama wa yara kunu. Ban ji saƙon murya ko ɗaya a kan wannan ba. Mun ga abin da jita-jita ta jawo mana a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna, yaran da suka shanye suna nan da ransu.

Ni laifin da nake gani a tsarin shi ne an bar shi ganin dama, kamfanin da ya so ya sa, wanda bai so ba ya bari, kuma mai araha da talaka ke saya shi ne zai fara zillewa. A mayar da shi dole, NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON su riƙa ɗaukar samfuri daga teburin mai koli a Taminus da Rikkos suna aunawa, kada kuma a bari a fake da wannan a ƙara wa dunƙulen kuɗi.